Ka Sayar da Gida Ba Ka Samu Wurin Komawa Ba: Yadda Ake Neman Warware Ciniki

Abin ya yawaita a 'yan shekarun nan. Magidanci zai sa gidansa a kasuwa da niyyar ya sayi wani a unguwar da ta fi sauƙi, rarar kuɗin ya ja jari ko ya aurar da 'ya'ya. Dillali ya kawo mai saye, a yi tayi, mai gida ya ce ya sallama, a ba shi kafin alƙalami, a sa ranar tashi. Sai ya koma wurin gidan da ya ƙyalla ido a kai, ya tarar an sayar, ko mai shi ya ƙara kuɗi, ko wani daga cikin magada ya ƙi sa hannu. Tun tsakiyar 2023, da aka cire tallafin man fetur aka kuma saki naira a kasuwa, farashin gida da fili ya daina zama wuri ɗaya. Buhun siminti ya haura naira dubu goma a farkon 2024, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na wannan shekarar. Kuɗin da zai sayi gida yau ba lalle ya saye shi bayan wata uku ba. Ga iyali, ga wa'adi na matsowa.

Gaskiyar da za ka fara haɗiya, duk ɗacinta, ita ce rashin wurin komawa shi kaɗai ba hujjar fasa ciniki ba ne, ko a gaban alƙalin Musulunci ko a Babbar Kotu. Mai saye bai ɗauki alkawarin nemo maka gida ba. Saboda haka yawancin mafitar da ta rage maka tana hannunsa, kuma yadda ka tunkare shi a makon farko shi zai nuna ko za ka samu. Bayanin doka da ke tafe na Najeriya ne. Na fiƙihu kuwa na Malikiyya ne, ya shafi na Kano da na Maraɗi duka.

Mataki na farko: tsaya cak

Daga ranar da ka gane ba ka da inda za ka kai iyalinka, kada ka ƙara taɓa kuɗin da aka ba ka, ko sisi. In ka riga ka ci wani abu, zauna ka lissafa nawa ne, ka san inda za ka samo cikonsa. Duk zaman da za a yi, tambayar farko ita ce, "Ina kuɗina?" Wanda ya zo da kuɗin mutane cif-cif yana roƙo, ana saurarensa. Wanda ya zo yana so a fasa kuma a ɗaga masa ƙafa ya haɗa kuɗin, alfarma biyu yake nema a zama ɗaya, da wuya ya samu ko ɗaya.

Kada ka nemi ciko, kada ka sa hannu a wata sabuwar takarda, kada ka miƙa ainihin takardun gidan ko makulli. Kada kuma ka saurari wani mai tayi, ko da ya ninka kuɗin. Manzon Allah (SAW) ya hana mutum ya yi ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa, kuma da zarar mai saye ya ji ƙishin-ƙishin cewa wani ya taya, ba zai ƙara yarda rashin matsuguni ne ya dame ka ba. Wannan tsayawar ta kwana biyu zuwa uku ce, iya lokacin da za ka haɗa takardu ka ga lauya da malami. Kashe waya da ɓuya ba sa cikinta.

Na biyu: gano inda cinikin ya kai

Ɗauko duk abin da aka rubuta: takardar yarjejeniya, rasit, saƙonnin waya da na WhatsApp, shaidar turo kuɗi ta banki. Tuno waɗanda suke wurin ranar da aka yi magana.

In tayi kawai aka yi, ba ka ce ka sallama ba, babu abin da ya ɗaure ka. Ce albarka, ka ba dillali haƙuri, magana ta ƙare.

In ka furta ka sallama shi kuma ya ce ya saya, a Malikiyya ciniki ya faɗa, ko ba a ba da kwabo ba, ko ba a tashi daga wurin ba. Mutane kan kafa hujja da hadisin da ya ce masu ciniki biyu suna da zaɓi matuƙar ba su rabu ba. Imam Malik ya ruwaito shi a Muwaɗɗa, amma bai ɗauke shi a matsayin zaɓin majalisi ba, wato damar fasawa kafin a tashi daga wurin cinikin, Shafi'iyya da Hambaliyya ne suka yi aiki da shi a haka. To ko a wurinsu ma, kai ka riga ka tashi ka koma gida. A kotun ƙasa kuwa, cinikin gida na fatar baki yana da wuyar tabbatarwa, domin ƙa'ida ita ce a ga rubutu mai ɗauke da sa hannunka. Sai dai kada wannan ya ruɗe ka. In an biya kuɗi a gaban shaidu, ko an bar mai saye ya shiga ya fara gyara, kotu kan ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa an yi ciniki.

In an ba da kuɗi, duba abin da rasit ɗin ya ce. Kotuna suna bambanta kuɗin da aka ajiye don nuna da gaske ake, kafin a kammala magana, da kuɗin da aka biya a matsayin wani kaso na farashin da aka daidaita. Na biyun yana nuna an gama ciniki, ciko kawai ya rage. Mu a wurinmu, duka biyun kafin alƙalami muke ce musu, shi ya sa mai gida kan ɗauka cewa mayar da kuɗin ya wadatar, alhali takardar da ya sa wa hannu ta ce "an biya naira miliyan kaza daga cikin miliyan kaza".

In an biya duka, ka sa hannu a takardar sauya mallaka, tashi kawai ya rage, to gidan ba naka ba ne. Kana zaune ne a gidan wani. Haka nan in ka ba shi takardar wakilci wadda aka rubuta cewa ba za a iya janye ta ba, irin da ake yawan yi a Abuja, ba ka da ikon soke ta kai kaɗai. Wanda ke wannan matsayi ya tsallaka zuwa mataki na huɗu da na biyar.

Na uku: duba ko kana da hujja ta gaskiya

Kai takardun wurin lauyan da ya san harkar filaye, ba wanda ya rubuta wa mai saye yarjejeniyar ba. Abubuwan da za ku nema kaɗan ne.

Akwai sharaɗin da ya ce cinikin ya rataya a kan samun gidan da za ka koma? Akwai zaɓin fasawa na wasu kwanaki? In akwai, kuma lokacin bai wuce ba, rubuta wa mai saye takarda yau, ba gobe ba, ka ambaci sharaɗin, ka mayar da kuɗinsa ta banki don shaida ta zauna. Wasu yarjejeniyoyin kan faɗi abin da wanda ya fasa zai biya. Wannan ma mafita ce, mai tsada dai, amma ka tambayi lauya ko biyan ya rufe wa mai saye hanyar neman gidan kansa, don ba kullum yake rufewa ba.

Sai kuma saɓawar mai saye. In an sa ranar ciko ta wuce bai kawo ba, kana da abin riƙewa. A shari'ar Odusoga da Ricketts ta 1997, Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa wanda ya biya wani kaso ya kasa cika sauran ba zai tilasta a ba shi fili ba, mai sayarwa na iya warwarewa. Amma kada ka yi gaban kanka don an yi lattin kwana biyu. Lauya ya rubuta masa takarda, a ba shi wa'adi mai ma'ana, a faɗa masa in ya wuce an fasa. Ka kuma sani cewa a Malikiyya jinkirin biya ba ya rushe ciniki kai tsaye. Cikon ya zama bashi a kansa, kai kuma kana da haƙƙin riƙe gidan har ya biya. Musulmin da ke son ya fita da hannu tsarkakakke ya ji ta bakin malami a nan ma.

Akwai cinikin da tun asali bai tsaya da ƙafarsa ba. Gidan gado da ba a raba ba, wanda mutum ɗaya ya sayar ba da yawun sauran magada ba, rabon sauran yana jiran amincewarsu, kuma abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shufu'a, ya biya kuɗin ya karɓi rabon da aka sayar. Maƙwabci ba shi da wannan haƙƙi a Malikiyya. Cinikin da aka tilasta wa mutum bisa zalunci ba ya lizimtarsa. Wanda bai san farashi ba aka karya masa farashin gidan ƙwarai, wasu malaman mazhaba sun ba shi damar neman warwarewa in karyar ta kai kashi ɗaya bisa uku kuma shekara ba ta wuce ba, kamar yadda ya zo a littafin fiƙihun Malikiyya mai suna Tuhfa, ko da yake ba kowa ya tafi a kan haka ba. Waɗannan hujjoji ne ga wanda suka same shi da gaske. Wanda ya je ya ɗauko ƙaninsa ya ce ya fito ya yi da'awar gado alhali an raba tuntuni, zamba ya yi, kuma shaidun rabon suna raye.

Ga wata dabara da ake yawan ba mutane a majalisa: wai tunda gwamna bai sa hannu ba, cinikin banza ne. Gaskiya ne sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya hana mai takardar C of O, wato takardar shaidar mallakar fili da gwamna ke bayarwa, sauya mallaka ba da amincewar gwamna ba, sashe na 26 kuma ya ce abin da aka yi saɓanin haka rusasshe ne, kuma Kotun Ƙoli ta ƙarfafa wannan a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo a 1989. Amma a 1995, a shari'ar Awojugbagbe da Chinukwe, kotun ta fayyace cewa ƙulla yarjejeniya kafin a samu amincewar ba laifi ba ne, yarjejeniyar tana nan tana jiran sa hannun. Kuma nemo amincewar aikin mai sayarwa ne. Alƙali ba ya barin mutum ya ƙi yin abin da ke kansa sannan ya fake da rashin yinsa. Kada ka kashe kuɗinka a kan wannan.

Na huɗu: nemi iƙala

Nan ne yawancin mutane za su samu mafita, don haka a nan ya kamata ka zuba ƙoƙarinka. Iƙala ita ce masu ciniki biyu su yarda su warware, kowa ya karɓi abinsa. Abu Dawuda da Ibn Majah sun ruwaito daga Abu Huraira cewa wanda ya yarda ya warware wa Musulmi ciniki, Allah zai yafe masa tuntuɓensa. Falala ce ga mai saye, ba wajibi ba. Ka riƙe wannan a ranka, domin mai roƙo da mai neman haƙƙi ba murya ɗaya suke magana da ita ba.

Ka je da wuri. Kowace rana da ta wuce, mai saye yana ƙara nisa: ya biya lauya, ya biya kuɗin bincike a ofishin filaye, KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna ko AGIS a Abuja, wataƙila ya sayar da filinsa ko motarsa don ya haɗa maka kuɗi, wataƙila ya gaya wa mai gidan da yake haya cewa zai tashi. Wanda aka zo wa kwana biyar bayan ciniki bai yi asarar komai ba tukuna. Wanda aka zo wa ana gobe tashi, shi ma ka jefa shi halin da kake gudu.

Ka je da kanka, gidansa ko kasuwarsa, kada ka aika dillali. Dillali la'adarsa na cikin tabbatar ciniki, ba adalci ba ne ka ɗora masa isar da saƙon da zai cinye masa ita, kuma ba ka san yadda zai isar ba. Ka tafi da mutum ɗaya ko biyu da mai sayen ke jin nauyinsu: limamin unguwa, mai unguwa, wani dattijo a kasuwarsu. In mace ce mai gidan, ta tafi da waliyyinta ko babban ɗanta, amma ta yi maganar da bakinta in za ta iya, domin jin halin da ake ciki daga mai shi ya fi ratsa zuciya.

Ka faɗi gaskiya tsirararta, ba ƙari. Misali:

"Alhaji, na zo ne da roƙo, ba da hujja ba. Ciniki na sallama maka, ban musa ba, kuma ba ka saɓa mini a komai ba. Gidan da na yi niyyar komawa an sayar wa wani, na zaga ban samu wanda kuɗin zai saya ba, ga iyali. Kuɗinka suna nan ban taɓa ba. Ina roƙonka don Allah ka warware mini. Abin da ka kashe a kan wannan magana, ni zan biya."

Jimlar ƙarshen nan ita ce ke sauya zama. Kafin ka je, ka ƙiyasta abin da ya kashe: la'adar da ya ba dillali, kuɗin lauya, na safiyo, na bincike, cajin banki. Ka ce ya kawo lissafi ka biya. In ya ce kuɗinsa sun kwana a hannunka darajarsu ta ragu, kada ka yi fushi, gaskiya ya faɗa. A Malikiyya ana ɗaukar iƙala a mafi yawan lokuta a matsayin sabon ciniki, don haka in ya riga ya mallaki gidan ya ce sai dai ya sayar maka a farashin da ya ɗara, wannan ciniki ne, ka duba ko za ka iya. Abin da za a kiyaye shi ne kada lamarin ya koma ka riƙe kuɗinsa wata shida kana juyawa sannan ka mayar da ƙari, wannan ya shiga kamannin bashi da ruwa. In akwai ƙari, ko akwai jinkiri wajen mayarwa, ku zauna da malamin da ya san babin ciniki kafin ku tsayar da magana.

Akwai abin da zai tsaya masa a rai ko bai furta ba: kada ya yi maka alheri, bayan wata ɗaya ya ji ka sayar wa wani da tsada. Ka riga shi. Ka ce a rubuta cewa in ka tashi sayar da gidan nan cikin shekara ɗaya ko biyu, shi za ka fara yi wa tayi. Mutumin da ya ga haka ya san ba kwaɗayi ne ya kawo ka ba.

Kada ka matsa sai ya amsa a take. Ba shi kwana biyu ya yi shawara da nasa mutanen.

In ya amince, a rubuta a ranar. Takardar ta ƙunshi sunayenku, bayanin gidan da lambar takardarsa, ranar cinikin farko, adadin da aka mayar da yadda aka mayar, da furucin cewa babu wanda ke bin wani komai. Shaidun cinikin farko su ne suka fi dacewa su sa hannu a warwarewar, har da dillali da mai unguwa. Karɓi duk takardun da ka ba shi, har rasit ɗin da ka rubuta. In an riga an shigar da neman amincewar gwamna a ofishin filaye, ku rubuta takardar janyewa ku biyu, a buga mata hatimin karɓa. In akwai takardar wakilci, a soke ta a rubuce. Dillali kuma ya yi aikinsa, ciniki ya faɗa a hannunsa, kai ne ka fasa. Ka sallame shi da abin da zai gamsu, kada ka bar shi da ƙorafi.

Na biyar: in ya ƙi warwarewa, nemi lokaci

Sau da yawa ba gidan ne kake son riƙewa ba, wuri kake nema ka sa kai. Mai sayen da ya ƙi fasawa yakan yarda da ɗagi, musamman in ba shiga zai yi da kansa ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce a ƙara wa'adin tashi, wata uku ko shida, da rana takamaimai. Wannan yana da asali. Jabir ya sayar wa Manzon Allah (SAW) raƙuminsa ya yi sharaɗin hawansa har Madina, kuma littafin Muhtasar na Khalil ya halatta sayar da gida a kan za a karɓe shi bayan shekara. Hanya ta biyu, ka zama ɗan haya a gidan. A rubuta yarjejeniyar haya daban, mai farko da ƙarshe, a faɗi kuɗin, ana iya cire shi daga cikon da kake bi. Mai saye zai ji tsoron kada ka shiga rigar ɗan haya ka ƙi fita, saboda ya san wahalar fitar da ɗan haya ta kotu. Ka kwantar masa da hankali: ya riƙe wani kaso na cikon sai ranar da ka miƙa makulli. In gidan yana da shaguna ko sashe biyu, ka ba shi wani ɓangaren yanzu ya fara amfana.

Wani lokaci matsalar ta kuɗi ce zalla, ka samu gida amma mai shi yana son kuɗi a dunƙule. To juya roƙon: ya cika maka yanzu, kai kuma ka tashi bayan wata biyu. Wani mai sayen ma yana da gidan haya da ba kowa, ko ya san mai shi. Tambaya ba ta cin kuɗi.

Akwai kuma abin da malamai ke kira sunya: mai saye ya yi alkawarin in ka dawo da kuɗin cikin lokaci kaza zai mayar maka da gidan. In aka sa wannan a matsayin sharaɗi tun wajen ƙulla ciniki, ya ɓata cinikin a Malikiyya. In kuwa shi ya yi maka don raɗin kansa bayan an gama, ya halatta.

Duk tsawon wannan lokaci ka ci gaba da nema ba dare ba rana, kuma ka sauke buri. Kama haya ta shekara ɗaya ba abin kunya ba ne, ya fi ka afka wa gidan da ba ka bincika takardunsa ba don wa'adi ya matse ka. Kuɗin gida kuma ba na kashewa ba ne. Ware na haya, sauran a killace, kada ɗan'uwa ko aboki ya zo da labarin kasuwancin da zai ninka su cikin wata biyu.

Na shida: sulhu

In magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakaninku, kai ta gaban masu sulhu kafin kowa ya ga lauyan ƙara. Mai unguwa ko dagaci, limamin Juma'a, shugabannin kasuwa, ofishin Hisba a jihohin da take, duk suna wannan aiki. Kano da Abuja suna da zauren sasanci a ƙarƙashin Babbar Kotu, inda in aka daidaita alƙali kan sa hannu yarjejeniyar ta zama tamkar hukunci.

In ka ce ba za ka tashi ba, ko me zai faru

Ya kamata ka san abin da ke gabanka. Mai saye zai shigar da ƙara, a Babbar Kotun jiha in gidan yana da takardar gwamna, kamar yadda sashe na 39 na dokar 1978 ya tanada. Zai nemi a hana ka sayarwa ko jinginar da gidan har a gama shari'a, sannan ya nemi a tilasta maka cika ciniki. A harkar gida da fili kotu ta fi karkata ga tilastawar, saboda ana ganin kuɗi ba sa maye gurbin wani gida takamaimai. Ko ba a tilasta ba, za ka mayar da kuɗinsa, ka biya diyya, wadda kan haɗa da bambancin farashin da kuka yi da wanda gidan ya kai daga baya. A wannan zamani na tashin farashi, bambancin kaɗai na iya cinye rarar da ka yi cinikin dominta, ban da kuɗin lauya na shekaru.

Alƙali na da ikon duba tsananin ƙunci ya ƙi tilastawa, amma ba ƙaramin ƙunci ake nufi ba. A wata shari'a ta Ingila a 1984, Patel da Ali, matar da ta sayar ta kamu da ciwon daji aka yanke mata ƙafa, ga ƙananan yara, ga dogaro da maƙwabta wajen hidimar yau da kullum, ga shekaru da suka wuce ba a kammala cinikin ba. Nan ne kotu ta ce a biya diyya a bar ta a gidanta. Tsadar gidaje kawai ba ta kai nan ba.

Abu biyu kuma. Saɓa yarjejeniya ba laifin da ake tsare mutum ba ne. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 da dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 duk sun hana kama mutum a kan rikicin ciniki zalla, don haka in aka kai ka ofishin 'yan sanda, kira lauya, kada ka sa hannu a kan komai cikin firgici. Amma in ka karɓi kuɗin mutum na biyu a kan gidan da ka san ka sayar, ka fita daga rikicin ciniki ka shiga zamba cikin aminci, kuma dokar damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20.

Ga wanda bai sallama ba tukuna

In har yanzu kana matakin tayi, sa sharaɗin tun yanzu, a gaban shaidu, a cikin takarda. Malikiyya ta yarda da zaɓin fasawa na kamar wata ɗaya a cinikin gida, wasu sharhohin suka ce kwana 36. Ƙa'idoji biyu ne a kiyaye. Dole wa'adin ya zama sananne, "sai na samu gida" ba tare da rana ba yana ɓata cinikin. Kuma ba a sharɗanta biyan kuɗi cikin kwanakin zaɓin, kamar yadda ya zo a littafin Risala, don haka in ana son nuna da gaske ake, a ajiye kuɗin a hannun amintacce ko asusun lauya. Ana iya rubuta shi kamar haka: "Mai sayarwa yana da zaɓin tabbatar da wannan ciniki ko fasa shi daga yau har zuwa ranar kaza ga watan kaza. In ya fasa, zai sanar a rubuce, a mayar wa mai saye kuɗinsa cikin kwana bakwai. In ya tabbatar, zai miƙa gidan bayan kwana casa'in daga ranar da aka cika masa kuɗi." Wasu masu sayen za su ƙi, wasu za su nemi ragi saboda jiran. Cikin waɗannan kwanaki ka je ka daidaita da mai gidan da za ka koma, a yi binciken takardunsa, a tsara yadda cikon da za a ba ka da kuɗin da za ka biya za su faɗo a mako ɗaya.